Ranar Ganawar Auta

Uwar Auta na cikin goge farar rigar 'yarta aka ƙwanƙwasa taga a hankali. Gwaggo ce, matar maƙwabcinsu Baba Akawu, idanunta sun kaɗa sun yi jawur.

"Baba Akawu ya cika," ta ce da raɗa. "Yanzun nan. Ko shayinsa bai shanye ba."

Uwar Auta ta buɗe baki za ta saka salati, tsohuwar ta damƙe mata hannu. "Yi a zuci. Yarinyar ta fita?"

"Tana wanka."

"To kada ta ji sai ta dawo."

Ran nan ne za a yi wa Auta ganawar ƙarshe ta neman tallafin karatu. Ita ce ta ɗaya a ajin ƙarshe na sakandare, amma abin da uwarta ke samu a ɗinki ba zai kai ta ko ƙofar jami'a ba. Baba Akawu, wanda ya yi shekara talatin yana buga takardu a ofis, shi ya ga sanarwa a jarida: wata gidauniya za ta ɗauki nauyin yara masu ƙoƙari da iyayensu ba su da hali. Ya zaunar da ita a barandarsa suka cike fom, yana tari yana tsokanarta da Farfesa. Inda aka ce a bayyana halin gida, Auta ta rubuta, "Muna cikin rufin asiri."

Ya zare tabarau. "Ke, rufin asirin ne zai kai ki jami'a? Rubuta ku huɗu ne a ɗaki ɗaya. Ba roƙo kike ba, tambayarki aka yi."

Auta ta fito tsaf da takardunta, ta nufi ƙofar Baba Akawu.  Sai ga Gwaggo ta tare bakin ƙofar, har da murmushi.

"Ya samu barci, Farfesa, kada ki tashe shi." Ta gyara mata wuyan riga. "Jiya ya ce in gaya miki, ban da kallon ƙasa in ana miki magana."

Auta ta yi dariya, ta leƙa wajen labule. "Baba, na tafi!"

Suka tsaya suna kallonta har ta shiga mota a kwanar layi. Sannan Gwaggo ta fashe da kuka, uwar Auta ta riƙe ta.

Da yamma Auta ta dawo da labari fal bakinta, ta tarar da takalma jibge a barandar Baba Akawu. Ta daɗe tana kallonsu.

"Kun sani tun da safe," ta ce.

"Mun sani," in ji uwarta.

Kwana biyu ba ta yi wa uwarta magana ba. Uwar ba ta matsa mata ba, don ita ma ba ta tabbata sun kyauta ba.

Bayan mako biyar wasiƙa ta zo: an ɗauke ta, za a biya mata har ta gama jami'a. Auta ta rungume uwarta, sannan ta wuce ɗakin Gwaggo.

"Sake karanto min," uwar ta jiyo tsohuwar na cewa. "A hankali, ba na son in rasa ko kalma."

Ta tsaya a bayan ƙofa da bahon wanki a ƙugu tana saurare, ruwa na ɗiga a kan yatsun ƙafarta.