Rigar Fata a Kan Rufin Almir

Da sanyin safiya ne, rana ba ta gama leƙowa daga bayan tsauni ba, raɓa ta jiƙa tulin yashin ƙofar gida har ya yi duhu. Senad ya fito daga ɗakin girki yana karkaɗe gashin kansa. A ɗakin girkin nan suke kwana tun da ƙanƙara ta narke, shi da matarsa Mersiha da 'yarsu ƙarama da mahaifiyarsa Zumreta, don sauran ɗakunan an cika su da sandunan da ke tokare da dekin simintin da aka zuba a sama, kaya kuma an jibge su a lungu an lulluɓe da leda.

An yaye tsohon rufin gidan ne don a ɗora bene, kuma benen na Almir ne, ƙanensa da ke aiki a Ostiriya. Almir ke aiko da abin aiki, Senad ke zaune a ƙarƙashin aikin. In ka gutsiri burodi sai ka ji yashi a haƙori. Sukari ya koma ruwan toka. Injin kwaɓa siminti na fara gurnani tun kafin yarinya ta farka, magina kuwa sai sun ci, sun sha gahawa, sun sake ci, Mersiha na tsaye kan tukunya. Shi kuma in ya taso daga injin yankan katako inda yake aiki, ba ya ko zama, sai ya kama baro. Lokacin da aka zuba dekin ana tsakiyar zafi, shi ya riƙa hawa da tiyo safe da yamma yana ba shi ruwa kada ya tsage.

Duk wannan bai dame shi ba kamar yammacin kowace rana, in mahaifiyarsu ta ɗauki waya ta hau matakala a hankali tana nuna wa Almir aiki. "Ɗana, ga tagarka. Ga barandarka, daga nan har masallaci kana gani." Wani lokaci Senad na bayanta da buhun siminti a kafaɗa, sai ta ce, "Matsa mana, ka tare masa."

Jiya Almir ya iso da motarsa mai sheƙi, don yau za a ɗora sandar tsakiya ta rufi. Doguwar kujera ɗaya ce a ɗakin girkin, a kanta Senad ke kwana, amma jiya an bar wa Almir ita, shi a ƙasa ya kwana, kansa a gindin firiji.

Zumreta ta same shi yana wanke fuska a famfon waje.

"Ka tanadi abin da za ka kai wa ƙanenka?"

"In kai masa ina, Mama? A gidan nake."

"A ƙasa kake. Sama tasa ce."

Ba da faɗa ta faɗa ba, ta faɗa ne kamar mai cewa yau Asabar. Ta wuce wajen masu gasa rago.

Kowa a ƙauyen ya san yadda ake yi. Ranar da katakon rufi ya tsaya, maƙwabta da dangi sukan zo da riga ko tawul ko safa, a rataye su a igiya can sama, babban magini ya miƙe a kan rufin ya kwarara kira, ya faɗi wanda ya kawo da abin da ya kawo, ya sa masa albarka, duk kwarin ya ji. Kayan na magina ne, da yamma za su raba. Gwargwadon kyautarka, gwargwadon tsawon kiranka.

Mersiha ta riga ta sayo riga, fara, a cikin ledarta, ta ajiye a kan firiji. Senad ya juya ta gaba da baya.

"Irin wannan maƙwabcinmu Ramiz zai kawo. Irinta kowa zai kawo."

"To da me kake so ka kai? Saniya?"

Ya ajiye rigar. Ya shiga ɗakin da aka jibge kaya, ya sunkuya tsakanin sanduna, ya ɗaga leda ya buɗe kabad. Da ya fito, rigarsa ta fata ce a hannunsa, baƙa, mai gashin tunkiya a ciki, wadda ya sa ranar da ya je neman aurenta. Duk shekara sai ya shafe ta da mai kafin ya mayar.

Mersiha ta ajiye ludayi. "Rigar da ko ni ba ka bari in rataye maka?"

"Ita."

"Senad, magina za su tafi da ita fa. Gobe za ka gan ta a jikin wani a kasuwa."

"Na sani."

"To don wa?"

"Don a ji," ya ce. "Wata nawa muna cin yashi a gidan nan? Ya zo jiya da tabarau, yau shi ne mai gida. A ji dai wa ya ɗauki gidan nan a kafaɗa."

Ta koma kan albasarta. "Allah ya sa abin da kake so a ji shi za a ji."

Ya sami Baba Hasib, babban magini, a bayan gida yana shan gahawa a kan bulo. Dattijo ne gajere, amma in ya yi magana ko a hankali, sai ka ɗauka daga cikin rijiya take fitowa. Senad ya miƙa masa rigar. Baba Hasib ya shafa fatar, ya juya ya duba cikinta, ya ɗaga gira.

"Kai, yaro, ba ka yi kuskuren ɗauko riga ba?"

"Ban yi ba. Baba, ka dai faɗi abin da ka gani da idonka."

"Na gani kuwa. Ba ni da lebura kamarka, ga shi ba ka cin komai sai abincin gidanku." Ya yi dariya. "Bar ni da su. Yau har na ƙetaren rafi sai sun ji."

Kafin azahar an ɗaga sandar tsakiya, an buga ta, an kafa dogayen sanduna biyu an ja igiya a tsakani. Mutane suka cika farfajiya, wasu a kan tulin bulo, mata a gindin bishiyar tuffa. Ƙanshin rago ya danne warin siminti. Almir na yawo cikin farin takalmi yana gaisawa da mutane, yana tsallake taɓo kamar mai tsallake wuta, mahaifiyarsu na biye da shi tana karkaɗe masa ƙurar da ba ta hau shi ba.

Baba Hasib ya miƙe a can sama, ya dafa sanda, ya buga guduma a katako don a yi shiru.

"Masha Allahu, masha Allahu! Ga maƙwabci Ramiz ya kawo riga fara sol, Allah ya faranta masa, ya ba shi lafiyar gwiwa!"

Aka amsa da amin, aka yi dariya, don kowa ya san gwiwar Ramiz. Aka kira gwaggonsu da tawul, aka kira liman da safa, aka kira wata tsohuwa da ta kawo ƙyalle mai ado da ta ɗinka da hannunta. Igiya ta cika, iska na kaɗa kaya. Senad na tsaye kusa da injin kwaɓa, hannuwa a aljihu, yana yi kamar hankalinsa na wani wuri.

Sai Baba Hasib ya ɗaga rigar fata da hannu biyu, ya juya ta gabas ya juya ta yamma. Kowa ya ɗaga kai.

"Masha Allahu, masha Allahu! Ku ji na kusa, ku ji na nesa! Ga Senad ɗan marigayi Hajrudin, wanda bai bar baro ya huta ba, wanda ya shayar da dekin nan kamar mai shayar da jariri, wanda ya kwana cikin ƙura ya tashi cikin ƙura bai ce uffan ba!"

Senad ya cire hannuwansa daga aljihu. Ya saci kallon mahaifiyarsa. Ta ɗaga kai tana saurare, hannunta a ƙirji.

"Ya kawo rigar fata, ba riga ba, ba tawul ba, rigar fata, ya kawo wa sabon gidan ƙanensa Almir! Allah ya bar zumunci! Allah ya ba shi nasa gidan shi ma wata rana, mu hau mu kira masa!"

Amin ɗin da aka amsa har tsauni ya dawo da ita. Daga ƙetaren rafi wani da ke yankan ciyawa ya ɗaga lauje ya amsa tasa shi kaɗai, a makare, aka sake fashewa da dariya. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce Zumreta. Ta shafa addu'a a fuska, idonta ya kawo ruwa, ta sake cewa amin a hankali, da zuciya ɗaya.

Wannan ce ta soke shi. Da gatse ne da sauƙi. A gidan nan aka haife shi, shi ya yi jinyar mahaifinsu a ɗakin da yanzu ke cike da sanduna, shi ke gyara famfo, shi ke share ƙanƙara a ƙofa, ga shi an tsaya a kan rufi an roƙa masa gida a gaban gari, uwarsa ta ce amin. Kuma ba laifin Baba Hasib ba ne. Haka ake wa duk wanda ya kawo kyauta ba shi da nasa rufin, Senad ya sha jin haka a gidajen mutane, shi ma ya sha cewa amin. Bai taɓa kawo wa ransa cewa a wannan layin yake ba. Da farar rigar nan ya bayar, da an faɗa a gurguje an wuce. Shi da kansa ya sa aka ja kiran.

Ramiz ya ɗingiso ya dafa kafaɗarsa. "Kai, ɗan Hajrudin, ka kashe mu. In ka tashi naka ginin ka faɗa da wuri, in fara kiwon saniyar da zan feɗe in rama."

Senad ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Ya hango Mersiha a bakin ɗakin girki da faranti a hannu. Ba ta ma dube shi da ido irin na ai na faɗa maka ba, ta juya ciki kawai.

Aka zauna cin abinci a kan katakan da aka jera bisa bulo. Senad ya ɗauki wuƙa ya tsaya wajen rago yana yanka wa mutane, don kada ya zauna kusa da kowa. Nan Almir ya same shi, da ƙashi a hannu yana gaguya.

"Yaya, ka haukace ne? Rigar nan fa."

"Ta tsufa."

"Ina ta tsufa? Ina yaro in na taɓa ta sai ka murɗe min kunne." Ya yi dariya, ya goge baki. "Ka kunyata ni dai. Ni safa na kawo musu daga can, masu kyau, amma wa zai tuna da safa yanzu?"

"Kai ai gida ka kawo."

Almir bai ji abin da ke cikin maganar ba, ko kuwa ya ji ya bar ta ta wuce. Ya ɗaga kai yana kallon benen. "Ka san abin haushi? Duk wannan, sati biyu zan riƙa kwana a ciki a shekara. In ta yi yawa uku."

Senad ya tsayar da wuƙa. Ya jira ya ji ko zai ce su riƙa zama a benen. A ƙasa ɗaki biyu ne, yarinya na girma, hunturu na zuwa.

"Makullin zan bar wa Mama," Almir ya ce. "Ta riƙa buɗe tagogi yana shan iska. Kai kuma ka riƙa duba min bututu in sanyi ya yi, kada ya fashe."

"To," Senad ya ce, ya ci gaba da yanka.

Zumreta ta ƙaraso da wani tawul a naɗe, ta ce nata ne, ta ɓoye shi sai ƙarshe, kuma ba ta yarda magini ya rataye ba, mai gida ne zai hau ya ɗaura da hannunsa, ta ɗauke shi hoto. Almir ya ce takalminsa ba na hawa ba ne. Ta ce ko minti ɗaya. Mutane suka fara zuga shi, Ramiz na cewa a Ostiriya lif, injin hawa bene, ke kai su ko ban-ɗaki.

Daga dekin na sama zuwa sandar tsakiya sai da tsani. Almir ya hau matakala, Senad ya bi bayansa da tiren gahawar magina, don an ce ya kai musu. Tsanin katako ne da magina suka haɗa da ragowar itace, an jingina shi a tsaye da yawa, ƙafarsa ɗaya a kan ɓaraguzan bulo. Magina sun saba da shi, su ko dubawa ba sa yi. Almir ya rataya tawul a wuya, ya taka na farko, ya taka na biyu, yana murmushi wajen wayar da mahaifiyarsu ta ɗaga daga ƙasa. Da ya kai tsakiya, ƙafar tsanin ta ɗan ja baya, ɓaraguzai suka yi ƙara kaɗan. Ba wanda ya ji sai Senad.

Ya tsaya da tire a hannu yana kallon farin takalmin nan da ko ɗigon siminti bai taɓa ba. Sannan ya ajiye tiren a kan bulo, ya matsa, ya sa takalminsa ya danne ƙafar tsanin, ya riƙe gefe da gefe da hannu biyu. Ya ɗan karkata jikinsa bayan ginshiƙi don kada ya shiga hoto.

Almir ya kai sama, ya ɗaura tawul, aka yi tafi. Baba Hasib ya gyara murya zai fara kiran Zumreta. Almir ya sauko a hankali, ya dira a kan dekin yana duba tafin hannunsa ko sartse ta shige shi, ya nufi matakala yana tambayar mahaifiyarsu ko hoton ya fito. Senad ya share ɓaraguzan da ƙafa, ya gyara wa tsanin zama, ya ɗauki tire ya kai wa magina gahawarsu.