Goshin Aƙilu

Halidu ya danna babban yatsansa a bakin famfon, amma ruwan maganin bai daina tsiyayowa ba. Yana bi ta gefen yatsan, ya gangara masa har gwiwar hannu, sannan ya ɗiga a kan siminti.

"Saude! Kawo kwano, maza!"

Tankin wankin fim ne, baƙin ƙarfe kamar 'yar tukunya, da mazurari a sama da ɗan famfon zubar da ruwa a gindi. Halidu ya saye shi hannun wani mai hoto ɗan Togo da ya tashi daga Tawa, kuma da shi yake ci da iyalinsa a Madawa. Yanzu fim na ciki, magani na kansa, ba halin buɗe marfi, don haske na taɓa shi komai ya lalace. Maganin kuma shi ne ragowar da yake da shi. Tun da Najeriya ta rufe iyaka ba wanda ke kawo shi daga Sakkwato.

Matarsa Saude ta shigo da kwanon miya, hannunta duk gari.

"Mi ya faru, Malam?"

"Tara nan. In ya taru ki mayar ta sama. Kar ki bari ko ɗigo ya faɗi ƙasa."

Ta durƙusa ta tara. Daga zaure suka ji tari, sai Saude ta ɗago kai.

"Tsohuwar nan ba ta taɓa furar da na kai mata ba."

Tsohuwar sunanta Cima, da ƙafa ta taso daga Azarori tun asuba. Kwanakin baya ɗanta Aƙilu ya zo tare da wasu samarin ƙauyen aka ɗauke su hoton karti, wato na katin shaida, don damina ta ƙi kuma suna shirin tafiya Abijan neman abin da za su aiko gida. Ya koma ya jira a wanke hoton. Kafin nan sai ya shiga yasar rijiyar garinsu, gefen rijiyar ya rufto masa. Matar Aƙilu na takaba da tsohon ciki. Abin da Cima ta ce da Halidu ke nan da ta zauna a zauren: "Ɗana, yaron da za a haifa bai ga ubansa ba. An ce kai kaɗai ke da fuskarsa."

Ɗigon ya koma tsiyaya. Saude na juyewa ta mazurari, ruwan na sake fitowa ta gindi. Halidu ya fizgo tsohuwar robar tayar keke daga bayan ƙofa, ya tsarge ta da haƙori, ya naɗe wuyan famfon ya ja iya ƙarfinsa. Tsiyayar ta ragu, ba ta tsaya ba. Ya girgiza tankin kusa da kunnensa, ƙarar ruwan ta gaya masa abin da yake tsoro: maganin ya yi ƙasa, bai rufe fim ɗin duka ba.

Da lokaci ya cika ya juye sauran maganin, ya ɗura ruwan randa. Saura magani na biyu, wanda ke kafe hoto. In shi ma ya tsiyaye, ko abin da ya fito zai tafi.

Ya lulluɓe tankin da baƙin zane, ya sa hannu ƙarƙashi ya warware famfon a hankali, Saude ta toshe ramin da tsumma. A tafin hannunsa ya ga ɗan zoben robar da ke cikin famfon. Zafi ya busar da shi, ya tsage gida biyu. Ya ɗora shi a kan robar keken ya bi da reza don ya yanko sabo. Na farko ya yi faɗi. Na biyu ya yage. Na ukun ya zauna daidai. Ya naɗa zare a wuyan famfon, ya mayar, ya murɗe har yatsunsa suka yi ja.

Ya zuba maganin. Su biyu suka tsura wa bakin famfon ido. Ya bushe ƙamas.

"Alhamdu lillahi," in ji Saude.

Da ya buɗe marfin ya ɗaga fim ɗin a bakin taga, sai ya ga inda maganin bai kai ba: wani farin layi ya bi gefe guda tun daga farko har ƙarshe. Sauran samarin suna nan da rai, a sake ɗaukarsu. Ya bi da yatsa har ya zo kan Aƙilu.

Sai bayan azahar ya fito zaure da hoton a hannu. Ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, an samu ɓarna. Na'urata ta yi yoyo. Ga abin da ya fito."

Cima ta goge hannu a zaninta ta karɓa. Idanun Aƙilu na nan, da hancinsa, da ɗan gemun da ya fara tarawa, da bakinsa a matse kamar mai danne dariya. Daga gira zuwa sama kuwa baƙi ne ƙirin, ba goshi, ba hula.

Ta daɗe tana kallo. Ta shafa gefen kumatun da ɗan yatsa.

"Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne."

"Ina iya gyarawa, Inna. Akwai fensirin da muke zane da shi a kan fim. In kin gaya mani yadda goshinsa yake, sai in cika, in sa masa hula. Ba mai ganewa."

Ta gyara zama, fuskarta ta ɗan saki.

"Goshinsa faɗi gare shi, kamar na ubansa. Kuma akwai tabo, jaki ya harbe shi yana yaro. Ni na ɗauke shi a baya har asibiti. Nan, saman ido."

"Wane idon, Inna? Dama ko hagu?"

Ta ɗaga hannu ta taɓa goshinta ta dama. Ta tsaya. Ta mayar da hannun hagu. Leɓenta na motsi, ba magana. Ta duba hoton kamar zai taimaka mata, ta sake taɓa dama, sai hannun ya sauko a hankali ya kwanta a cinyarta.

Halidu ya sunkuyar da kai. A waje yaron wata motar kasuwa na kiran fasinjan Ƙonni.

"Bar shi haka nan, ɗana," ta ce. "Kar ka sa masa abin da ba nashi ba."

Ta naɗe hoton a gefen lulluɓinta, ta ƙulle, ta dafa bango ta miƙe. Ya raka ta har bakin titi, ya ce ta tsaya ya nemo mata mota, ta girgiza kai. Ya tsaya yana kallonta ta kama hanyar Azarori a cikin rana. Can nesa ya ga ta tsaya, ta kai hannu goshi, sannan ta ci gaba da tafiya.