Ƙusoshin Bakin Auta

Ni kafinta ne, kuma iska ba ta taɓa yaye rufin da na buga ba. Ban yi makaranta ba, amma likitoci sun yi karatu a kaina. Ciwon dajin baki ya kashe ubana. Da ya zo kaina, gefen kunci kawai ya samu, aka yanke masa ya tafi. Har yau da ɓangare guda nake tauna ƙashi, samari na kallo.

Shi ya sa da matar autana ta durƙusa ta ce, "Baba, miki ne a leɓen ɗanka, ya ƙi warkewa, ya hana a gaya maka," ko gezau ban yi ba. Na dai zauna, don ƙafar wandona ta harɗe ni.

Na iske shi a kan rufin mutane.

"Sauko."

"Baba, zafi ne kawai."

"Kakanka ma zafi ya ce."

A asibiti wata likita ta haska bakinsa, ta tambaye shi taba da giya. Ya ce bai san ɗanɗanonsu ba.

Na ce, "A jini yake, 'yata. Daga ubana sai ni, ga shi ya biyo yaro."

"Baban naka yana cusa taba a leɓe?"

"Har ya koma ga Allah."

"Kai fa, Baba?"

"Kafin a yanke ni? Na ninka shi."

"To tabar kuka gada fiye da jinin. Gado yana da nasa rabon, rana ma tana cin leɓen mai wuni a sama. Shi me ke taɓa wurin nan?"

Auta ya laluba aljihu, ya jera ƙusoshi a gefen baki yadda na koya masa, don hannu ya samu sarari. Tsininsu ya sauka daidai kan mikin.

Duk da haka ta yanki ɗan nama aka tafi gwadawa. Kwanakin jiran na rame, amma tsufa ne.

Sakamako ya fito: ba daji ba ne, gugar ƙusa ce. Ta ce ya raba baki da ƙarfe, ya nemi hula mai faɗi, in mikin bai rufe ba ya dawo.

Ya rufe. Ni na ɗinka masa jakar ƙusa ta ɗaurawa a ƙugu, ɗinkin da tela ba zai iya ba. Yanzu aikinsa ya rage sauri, yana ta mita.

"Yi mitarka," na ce. "Ai da baki kake yin ta."