In Ka Ji Jiri, Ka Ajiye

…wai ya sassauta leɓe. Ya sassauta! Shi da ya shekara ashirin da shida yana cije leɓen nan a bayan sitiyarin bas, yau ake ce masa ya sassauta, sai ka ce mazagin wando. To, ga shi ya sassauta. Yana ɗora bakin sarewar a ƙarƙashin leɓensa, yana hurawa.

Fuuu.

Iska. Iska zalla, irin ta tayar da ƙusa ta huda. Kwana goma sha uku yana fama da 'yar sandar ƙarfen nan, abu biyu kawai ta iya: ko ta yi masa tsaki, ko ta ƙwalla ƙarar da za ta tashi unguwa. Ranar farko a falo ya gwada, matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, wai, "Maigida, don Allah a yanka kazar nan a huta." Dariya! Har da riƙe ciki. Shi ya sa yake nan, a ɗakin ajiyar kaya, ƙarfe huɗu na yamma, zaune a kan tsohuwar taya, ga mataccen fanka, ga buhun takalman da kowa ya ƙi ya zubar. Ƙato da gemu, an kore shi daga falonsa saboda abin busa.

Fuuu…

Nas ce ta jawo. Nas ɗin kamfani, mai farar riga da sanyin hannu. Ta ɗaura masa abin awo a damtse, abin ya kumbura, ya matse, ya saki — ɗari da saba'in da biyu. Ta kalli lambar, ta kalle shi kamar mutuwa ta aiko shi da wasiƙa. Hutun mako biyu, a sha magani, a dawo a sake awo. In bai sauka ƙasa da ɗari da arba'in ba, shi da sitiyari sai a mafarki. Haka kawai! Wa ya gaya mata jinin direba yana kwanciya? Ta taɓa shigar da bas mai mutum hamsin cikin cunkoson safe? Ta taɓa jin mai keke ya zage ta da uwa da uba alhali shi ya gitta? Manaja kuma ko kunya, ya miƙo hannu: makulli. Ya rataye shi a ƙusa, lamba sha bakwai, bai ko ɗaga kai daga takardunsa ba.

Gobe ne. Gobe ƙarfe tara.

Yatsa na uku ya zame daga maɓallin. Yatsun ma ba na wannan aikin ba ne, duk kanta, kauri kamar turke. Malamin sarewa ya ce a taɓa, kada a danna. Tsoho ne siriri, yana magana kamar mai tsoron kada ya tashi sauro daga barci. Kowace Asabar, a ajin 'yan firamare, a kan kujerar da rabin mazauninsa kawai take ɗauka, gwiwoyi har ƙirji. Girma ya faɗi. A taɓa, kada a danna… Shi duk rayuwarsa danna ce! Danna kuloci, danna birki, danna hon. A tasha ma Sarkin Hon suke kiransa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. In ba ka danna ba, wa zai ba ka hanya? Wa ya taɓa ba wani hanya a garin nan don ya yi magana a hankali?

Yanzu Totur ne a kan motarsa. Totur! Mutumin da yake sa giya kamar yana karya ƙashi. Ya ja kujerar gaba, babu shakka, don shi gajere ne. Ya karkatar da madubin. Ya zubar da ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin birki. Shi ne kuma har da biyo shi gida da shawara, wai ya haɗiye ƙwaya biyu da safe, kada ya sha shayi, lambar za ta faɗo kamar an harbe ta. Allah ya sawwaƙe. Shi ba ya bukatar maguɗi. Ba ya —

Fiiiiit!

Kai! Wannan tsinanniyar aba. Da ba Uwata ce ta saya ba, da tuni ta zama mariƙin labule.

Uwata. Autarsa, mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa bakinsa bai taɓa iya kiran sunanta ba. Ita ta shigo da akwatin baƙi a hammata, tana murmushin nan nata da ba a yi masa gardama. Wai ta karanta dogon numfashi yana kwantar da jini. Wai tunda ya ƙi tafiyar ƙafa, ya ƙi rage gishiri, ya ƙi daina yi wa rediyo faɗa, to ya busa. Wai gemu ba ya hana ilimi. Ita ta nemo malamin. Ita ce kullum in ta taso aiki za ta ajiye jaka, ta ɗauko nata abin awon, ta kama hannunsa kamar ita ta haife shi. Ɗari da sittin. Ɗari da hamsin da ɗaya. Ɗari da arba'in da huɗu. Jiya…

Jiya ɗari da talatin da takwas.

Ta yi tsalle. Budurwa mai aikin ofis, ta yi tsalle a tsakar falo. To ai shi ke nan, ya ci. Gobe nas za ta buga hatimi, manaja zai sauke makulli daga ƙusa, Litinin ya koma kujerarsa ya gyara madubinsa. Abin da yake so ke nan, ko ba shi ba? To me ya sa tun jiya ƙirjinsa yake tafasa? Me ya sa da safe ya yi wa matarsa tsawa a kan kofi — kofi! — har ta tsaya tana kallonsa ta ce wai ko a mayar masa da hawan jinin ne, ya fi daɗin zama da shi?

Ba komai. Sarewar ce. Ita ce take ɓata masa rai.

Yana cika ƙirji. Bari ta gani. Yau ko ita ko shi. Fuuu. Sake. Fuuuu. Sake! Ramin ɗan ƙarami, iskar duk a waje take zubewa, malam ya ce rabin numfashin mai koyo asara ne. Fuuuuu. Ki yi magana mana! Bas mai tan goma sha biyu tana jin maganarsa, ya ce tsaya ta tsaya, ya ce juya ta juya, ke da ba ki kai muciya ba — fuuuu — ke wace ce — fuuuu —

Fankan yana karkata.

Bangon ma. Buhun takalman yana ja da baya, yana ƙanƙancewa. Kunnuwa sun toshe. Daga gefen ido wani duhu yana tahowa, a hankali, kamar ana jawo labule daga dama da hagu…

A'a. A'a, ba wannan ba.

Malam ya faɗa tun ranar farko, da 'yar muryarsa. Duk mai koyo yana jin jiri, don yana zubar da iska fiye da kima. "In ka ji jiri, ka ajiye. Ba a gardama da jiri." Shi kuma har ya yi tsaki a ransa. Jiri? A kan busa?

Wannan na busa ne. Zai wuce. Wancan fa?

Gada. Talata, mako biyu da suka wuce, kwana biyu kafin nas ta ɗaura masa abin awonta. Bakwai saura kwata na safe, mota cike, har da na tsaye. Ba ya busa komai, ba ya zubar da iskar komai, hannu biyu a kan sitiyari. Sai labulen nan. Dama da hagu. Titi ya zama ɗan farin zare, zaren ya tsinke. Ɗaya… biyu… uku… Allah kaɗai ya san ko uku ne. Da ido ya dawo, tayar gaba ta haye farin layi, ƙarfen gada yana nan dab da gilashi, a ƙasa ruwa, ruwa mai yawa, yana ta tafiyarsa ko a jikinsa.

Ya murɗe sitiyari. Me ya yi daga nan? Ya tsaya? Ya gangara gefe ya kashe mota ya ce jama'a ku yi haƙuri? Ina! Hon ya danna. Ya danna wa wata 'yar farar mota da ke kan layinta, bawan Allah bai yi komai ba, ya leƙa ta taga ya wanke shi tas — makaho, wa ya ba ka lasin, ku ne masu kashe mutane! Fasinjoji har suna taya shi. Wata tsohuwa ta ce Allah ya yi wa direba albarka, da ba gwani ba ne da an shiga uku.

Gwani.

Sannan ya ɗaga ido ya duba madubi.

Kujerar bayansa, ta jikin taga. Kujerar Uwata ce, kowa a layin ya sani, ba mai zama. Shekara biyu ke nan tun da ta sami aiki a tsallaken gada, kullum shida da rabi tana nan da jakarta a cinya. Ta ce duk garin nan motar babanta ce kaɗai take iya barci a ciki. Tana barci. Kai a jikin gilashi, baki ɗan buɗe, kamar lokacin da take 'yar shekara huɗu yana saɓa ta a kafaɗa. Ko motsi ba ta yi ba.

Ya kai motar tasha. Ya yi sawu shida a ranar. Shida! Washegari ma ya yi.

Takardar nas kuwa — tambaya ta bakwai. Ka taɓa jin jiri ko duhun ido a bakin aiki? Akwati biyu, E da A'a. A'a ya zaɓa, biron bai ko yi rawa ba. Kuma gobe za a sake miƙo masa irinta, sabuwa fil, da biro ɗaure da zare. Abin awon zai ce ɗari da talatin da wani abu. Abin awon bai san gada ba. Nas ba ta sani ba, manaja bai sani ba, matar da suka shekara talatin a ɗaki ɗaya ba ta sani ba. Wataƙila ma ba zai sake dawowa ba. Jinin ya sauka, ai jinin ne. Ko ba jinin ba ne? Wa ya sani? Wa ya duba? Ta yaya za a duba abin da ba a faɗa ba?

In ya faɗa fa? Asibiti, hoton kai, wata uku, wata shida, wataƙila har abada. Makulli ya tabbata a hannun Totur. Shi kuma ya zama me? Tsohon da ke zaman benci a bakin tasha, yana gaya wa kowa yadda ake shan kwana a zamaninsu. Shekara ashirin da shida ko kaza bai taɓa takawa ba. Ba adalci! Wallahi ba adalci. Mutum ya riƙe amana tun yana da baƙin gashi, sai daƙiƙa uku su zo su —

Da wa yake faɗan? Nas? Ita aikinta ta yi. Manaja? Mai farar motar nan, da har yau yake ganin fuskarsa, baki sake, yana mamakin laifin da ya yi?

Duhun ya janye. Fanka ya koma mazauninsa. Sai yanzu yake lura — sarewar tana kan cinyarsa. Ya ajiye. Bai ma san lokacin ba. Don 'yar sandar da ba ta ɗauke da kowa, jiri ya zo, ya ajiye nan take kamar yaron kirki. Mutum hamsin kuwa, da Uwata a cikinsu…

Ya gaji. Gajiya irin ta wanda ya yi dogon tuƙi ya iso ya tarar ba garin ba ne. Yana ɗaga sarewar don kawai kada hannun ya zauna haka, ƙarfen da sanyi a leɓe. Ba ya cika ƙirji. Ba ƙarfin cijewa ma. Ajiyar zuciya ce kawai take fita, doguwa, ta bi ta kan ramin —

Uuuuu.

Siririya. Tsaf. Tana tsaye a cikin ɗakin kamar ba daga bakinsa ta fito ba.

Ƙarar ƙofar gida. Takalmi a kan siminti, da gudu, jaka tana bugun ƙugu. Ƙofar ɗakin ajiya ta buɗe, haske ya shigo tare da ita.

"Baba! Na ji! Tun daga waje na ji ta! Kai, sake min!" Tana haki, tana dariya, abin awon ma har ta zaro shi daga jaka. "Kawo hannun. Gobe ka gama da su. Litinin dai a ajiye min kujerata, mako biyu ban yi barcin safe ba, wannan Totur ɗin ba ya barin mutum ya runtsa."

Tana naɗe masa hannun riga. Yatsunta ɗumi. Abin yana kumbura, yana matsewa, yana matsewa… ita idonta a kan lambar, shi nasa a kan tsakiyar kanta, daidai wurin da yake jingina da gilashi.

A sassauta leɓe, in ji malam. A taɓa, kada a danna.

"Uwata…"

"Shhh, Baba. Ba a magana in ana awo."

Iskar tana nan a bakinsa, da maganar gadar. Lambar tana sauka, tana sauka…