Teburin Inna

Ranar da Mai Tuta ya leƙo gidanmu, Yaya har shayinsa ya zubar don murna. Mai Tuta shi ne mutumin da ke yawo da 'yan yawon buɗe ido a doguwar mota, yana gaba da 'yar tutarsa, suna biye da shi. Ya ce gidan maginan tukwane guda ɗaya yake nema, wanda zai riƙa kawo baƙi duk Asabar. Zai gwada namu, in bai yi masa ba ya koma gidan maƙwabta.

Wai gidan maƙwabta, waɗanda tukunyarsu ko ruwan yini ɗaya ba ta riƙewa. Innarmu shekara arba'in tana gini, ni da Yaya a gindin yumɓunta muka tashi. Na ce wa Yaya in muka bari baƙin nan suka wuce mu, to mu daina fita unguwa.

Kwana biyar ba mu zauna ba. Yaya ya shafe bango da fenti shuɗi, ya malala siminti a tsakar gida. Ni na kwashe tsagaggun tukwane da masu baƙin hayaƙi na jibge su a bayan gida, ƙarƙashin tsohuwar rumfa, don kada mu ji kunya. Sannan muka kira kafinta ya yi abin da Inna ta daɗe tana roƙo: tebur da kujera mai wurin jingina. Gwiwoyinta sun gaji da durƙuso, in ta zauna ƙasa sai an kama ta take tashi. Da ta hau kujerar ta yi ta shafa teburin tana dariya.

"Ashe sai baƙi za su zo za ku tuna ina da gwiwa," in ji ta.

Asabar da hantsi motar ta tsaya. Mutum goma sha huɗu suka shigo da manyan huluna da kyamarori. Suka kalli shuɗin bango, suka kalli Inna cikin sababbin kaya a kan kujera, suka ɗan tafa. Ko mutum ɗaya bai ɗaga kyamara ba. Na ga Mai Tuta yana duba agogo.

Wata doguwar mata ta nemi wurin wanke hannu, ta yi ɓatan kai ta ɓulla bayan gida. Sai muka ji tana ƙwala wa 'yan uwanta kira. Kafin ka ce kwabo duk sun koma can, suna rububin tukwanen da na zubar. Wani dattijo ya rungume wata randa mai tsaga kamar ya ga ɗansa. Mai Tuta ya ce suna tambaya, da can yaya Inna ke aiki? Inna ba ta iya hana baƙo abu. Ta sa na shimfiɗa tsohon buhunta, ta durƙusa, ta ja yumɓu gabanta. Nan kyamarori suka hau ƙyalli. Ba su tafi ba sai da bayan gida ya zama fili, Yaya yana ta washe baki yana karɓar kuɗi yana naɗe musu tukwane a jarida.

A bakin ƙofa Mai Tuta ya ce, "Gidanku na zaɓa. Amma ku kankare fentin nan. Teburin kuma a ɗauke shi, sun fi son ganin Inna a ƙasa."

Raina ya ɓaci. "Malam, gwiwarka ce ko tata?"

Inna ta daka mini harara. "Ke, rufe mini baki. So kike su tafi gidan maƙwabta?"

Wata takwas ke nan. Mun gyara rufin ɗaki, matar Yaya ta koma koyon gini, har mai shagon bakin titi yana yi mana godiya saboda ruwan sanyin da yake sayarwa. Ina murna, ba zan ɓoye ba. Sai dai duk Asabar da safe ni da Yaya muke cicciɓar teburin mu ɓoye shi a uwar ɗaka. Inna ta durƙusa a buhu tana murmushi har motar ta tashi. Sannan ta miƙo mini hannu biyu, ta ce, "Sun tafi? To zo ki ɗaga ni."