Masu Ƙiba a Tsakiya

Shekara arba'in da bakwai Mai Hoto yana sana'arsa, bai taɓa zama a aji ba. Gobara ta ci shagonsa sau biyu, sau biyun ya fito da kyamara a hammata. Amma ɗakin yayarsa ya so ya gagare shi.

Ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ba ta fita. Hoto ɗaya take so, da 'ya'ya da jikoki da surukai, mutum talatin da ɗaya, kafin su watse ranar Lahadi, kuma kada a bar kowa. Ɗakin kuwa kamar akwatin ashana.

Da ya je kasuwa, mai sayar da kayan kyamara ya ajiye masa gilashin bakin kyamara iri biyu a kan tebur.

"Baba, wannan yana ɗaukar faɗi, ba ya lanƙwasa komai, amma sai ka ja da baya."

"In ja ina? In fasa bango?"

"To wannan ya fi shi haɗama, har takalminka zai kwaso. Sai dai wanda ya tsaya a gefe zai baje a hoton. Takardar ta ce..."

"Riƙe takardarka, ɗana. Ina wannan aiki babanka yana rarrafe."

Ya ɗauki mai haɗamar. Ran Lahadi da hantsi ya jera su da dabara: masu ƙiba kusa da gadon Yaya, sirara can jikin bango.

"Malam, ni me ya kawo ni tsakiya?" in ji matarsa.

"Daraja ce."

Wani siririn suruki da ake kira Tsinke aka kai shi ƙarshen layi. Ana shirin ɗauka sai Yaya ta ɗaga hannu.

"Kai fa, Auta? Ba na son hoton da babu kai."

Ya saita kyamara ta ɗauka da kanta, ya rugo da tumbinsa. Wuri bai rage ba sai gefe.

Hoto ya fito, kowa na ciki. Tsinke ya yi kumatu karo na farko a rayuwarsa. Mai Hoto kuwa ciki kamar randa, kunne kamar faifai. Yaya ta yi dariya har da hawaye, abin da aka yi wata shida ba a ji ba.

"Bari in sake, Yaya."

"Taɓa shi ka gani!"

Hoton yana nan rataye a saman gadonta. Wanda duk ya tambaya, Mai Hoto sai ya gyara hula ya ce da gangan ya yi, wai ba kowane gwani ne ya iya wannan ba.