Baƙin Ciki

"Cinye shi tas, 'yar nan. Ba don ke na dafa ba, don baƙi ne."

Mai Ganye ce, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta miƙo kwano ta saman katanga. Matar tela ta karɓa tana yatsina fuska. Wake ne da ganye, yau ma. Ita kuwa tun da ta samu cikin nan ba abin da ranta ke so sai biskit da lemon kwalba.

Laifin nas ne. Ranar da tsohuwar ta raka ta awo, nas ta ce akwai wasu ƙananan halittu masu amfani da ke zama a hanjin jariri, abin da uwa ke ci yana taimakonsu, su kuma suna iya rage haɗarin asma. Mai Ganye ta tafa hannu.

"Ashe baƙi gare mu a ciki! To, baƙin ciki dai a ba su abinci."

Har nas sai da ta yi dariya. Matar tela ba ta yi ba. Ɗanta na fari, in asma ta taso masa, ƙirjinsa kamar ana busa usur, abin shaƙarsa kullum a aljihunta yake. Tsoronta ɗaya, kada na cikin ya zo da irin wannan ƙirji. Mai Ganye ta fi ta sanin tsoron nan, don nata ɗan a cinyarta numfashi ya ƙare masa, tun kafin ya shiga makaranta.

Kwano bai taɓa fashi ba har aka haihu. Sai kuma ƙafafun tsohuwar suka kumbura, ta daina fita kasuwa, ta daina leƙo katanga.

Matar tela ta shiga duba ta da jaririn. Ɗakin na warin man zafi, tsohuwar ta rame, wayyo, kamar ba ita ba.

"Mama, ya jikin?"

"Bar jikin. Kawo min angona."

Ta sa aka ɗora mata ƙirjinsa a kunne. Ta daɗe tana saurare, ido a rufe.

"Shiru kake ji. Babu usur."

"Nas ta ce ba a sani ba tukuna, Mama, sai ya girma."

"To ki ci gaba da ciyar da baƙin. Ni kam na gaji."

Da hantsi washegari kuka ya tashi a bayan katanga. Matar tela ta yi kuka kamar uwarta ce ta rasu.

Da mutane suka watse, ta tsinko ganye a ɗan lambun tsohuwar, ta dafa da wake. Bai yi daɗi ba ko kaɗan, gishiri ma ya yi yawa. Ta zauna gindin katanga da kwanon nan, tana ci hawaye na zuba, jaririn na shan nono, ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka a hankali.